Ruwan Ɗigon Randa

Batir biyu ne, baƙaƙe, kowanne sai ƙarti biyu sun kama kafin ya ɗagu. Kusan shekara biyu na yi ina kula da su, kuma ban taɓa tattalin wani abu a duniya kamar yadda na yi tattalinsu ba, har da auren da na yi na fito. Duk wanda ya san ni a garinmu ya san ban iya lallashi ba. Ɗinki nake yi, kuma matar da ta kawo min yadi ranar Laraba ta ce tana so ranar Alhamis ta san amsar da za ta ji. Amma batiran nan na lallashe su, don ran uwata a hannunsu yake.

Garinmu na Hausawa ne zaune cikin Larabawa, yana tsakanin Sinja da Abu Hujar, tafiyar sa'a guda daga kogi. Wuta ba ta taɓa zuwa mana ba. Turakunta sun zo sun tsaya a bakin titi tun ina budurwa, har yau jakuna ake ɗaurewa a jikinsu. Ba mu damu ba sai da ciwon sukarin Inna ya fi ƙarfin ƙwaya, likita a Madani ya ce sai allura safe da yamma, ya kuma ce maganin allurar ba ya son zafi, a cikin sanyi ake ajiye shi. Wata biyar muka yi muna dogara da ƙanƙarar da wani mai mota ke kawowa daga Sinja. Ranar da bai zo ba ko abinci ba na iya ci. Daga nan yayana da ke aiki a Jidda ya ce a kafa mana sola, a haɗa da ɗan ƙaramin firji.

Wanda ya zo kafawa ɗanmu ne, ubansa da ni 'ya'yan wa da ƙane. A Madani aka haife shi, a can ya yi karatun injiniya, har ya yi aure ya haifu, amma Hausarsa ba ta wuce ta yaye ba. Yana ji, mayarwa ce aiki. Inna kuwa ta samu abin wasa, tunda jikanta ne. Yana kan rufi yana ɗaure farantin sola tana ƙasa tana ce masa angonta, tana cewa ita ba za ta zauna da mijin da bai iya gaida surukai da harshen kakanninsa ba. Shi kuma sai dariya, ya ce, "Haba Habboba," wato kaka da Larabci, ya ci gaba da aikinsa.

Da ya gama ya zaunar da ni gaban batiran ya koya min aikina. Akwai ɗan akwati a bango mai nuna lamba. Ya ce in duba sau uku, da asuba da azahar da magariba, amma lambar asuba ita ce mai faɗin gaskiya, don ita ke nuna abin da ya rage bayan firji ya kwana yana ci. Ashirin da huɗu da ɗoriya lafiya ce. In ta sauka ƙasa da haka, a rage kaya. Sannan ya nuna min murafan da ke saman kowane batir, shida-shida, kowanne da ɗan tsinke mai jan kai a cikin kwalba. In ruwan batir ya ragu tsinken sai ya nutse.

"In ya sauka, Gwaggo, ki zuba moya mugattara," ya ce. "Ita bas, ita kaɗai. Ba ruwan kogi, ba ruwan rijiya."

Inna na zaune bakin gado tana jan carbi, ta ce, "Mi ne mugattara kuma? Yi muna Hausa, ɗan Larabawa."

Ya sosa ƙeya yana neman kalma. Ya ɗaga yatsa yana kwatantawa. "Ruwa ne, Habboba, wanda shina ɗiga. Ɗis, ɗis. Mai tsabta, babu komai ciki nai."

Ni da Inna muka dubi juna, muka dubi randar da ke tsakar gida. A ƙasar nan randa ba a ƙasa take zama ba, a kan ƙafafun ƙarfe ake ɗora ta, a sa kwano a ƙarƙashi. Ruwa yana tsattsafowa ta gindinta yana ɗiga cikin kwanon, garai-garai kamar idon zakara, ko da wanda aka zuba a sama jajir ne da laka. Babu gidan da bai san ruwan ɗigo ba. Shi ake ba baƙo mai daraja, da shi ake dafa gahawa. Kuma ni da nake taƙamar na fi kowa Larabci a gidanmu, na san kalmar daga ɗiga aka samo ta. Ya bar mana jarka ɗaya ta ruwan da ya zo da shi, ya ce in ta ƙare in yi masa waya ya aiko. Na ce kada ya wahalar da kansa, muna da shi a nan. Ya ɗauka shagunan Sinja nake nufi, ya ce madalla. A nan muka yi kuskuren, mu uku, da rana tsaka, kowa yana murmushi.

Na riƙe aikin da hannu biyu. Ina idar da sallar asuba, kafin in ɗora ruwan shayi, sai in je in karanta lamba in rubuta da gawayi a bangon ɗaki, har bangon ya cika na share na sake farawa. Da hantsi in hau tsani da tsumma in goge farantan. Ranar Juma'a in bi tsinkayen goma sha biyu ɗaya bayan ɗaya. Ina taɓa jikin batiran da bayan hannu kamar mai duba zazzaɓin yaro. Na yi musu gado na katako don kada su taɓa ƙasa, na hana kaji shiga ɗakin, na hana 'ya'yan maƙwabta. Inna ta sa musu suna tagwaye. Takan ce ta haifi shida, biyu suka rayu, ga shi da tsufa Allah ya ƙara mata biyu da ba sa kuka.

Da jarkar ta ƙare, Inna ta karɓi aikin ruwa da kanta. Idonta ya fara rauni a lokacin, ba ta iya tsince shinkafa, ba ta iya zare allura, kuma hakan yana cin ranta, don mace ce da ba ta saba zama ba. Wannan kuwa ta iya. Kullum da safe ta lallaɓa wurin randa, ta ɗauko kwanon, ta tace da farin ƙyalle ko da babu abin tacewa, ta ɗura a kwalba ta rufe. Tun tana amarya da ruwan ɗigo take dafa gahawarta, ba ta yarda da wani. Daga ranar ta daina. Na yi magana, ta ce rabon tagwaye ne, ita ta sha nata shekara sittin.

Shekarar farko lafiya lau. Lambar asuba ashirin da biyar, wani lokaci ta ɗan gaza kaɗan. Firji yana gurnaninsa, kwalaben allura jere a ƙofarsa, Inna ta yi kumari har ta koma zuwa biki. Da azahar, lokacin da rana ta fi ƙarfi, nakan bar maƙwabta su jona wayoyinsu. Ina mita ina bari, halina ke nan. Wadda ta fi kowa zuwa maƙwabciyata ce ta bayan katanga, tare muka taso, tare muka yi tsinkar auduga muna 'yan mata, ita ta riƙe ni ranar da na dawo daga gidan miji da akwatina a ka. Ba ta sallama a gidanmu, shigowa kawai take yi.

Sai yaƙi ya zo. Da farko labarinsa muke ji daga nesa, sannan ya iso Madani, mutane suka kwararo mana da ƙunshin kaya, makarantar gari ta cika, kowane gida ya samu baƙi. Na yi dabara ɗaya da har yau nake gode wa Allah a kanta: na shiga Sinja tun ana shiga, na bi kantunan magani na tattaro allurar da za ta kai Inna wata tara, na jera a firji. Na dawo ina jin na gama da wannan. Injiniyanmu ya tsere da iyalinsa gabas, wayarsa ta daina shiga. Masu amalanken jaki da ke kawo mana ruwan kogi suka daina zuwa, don hanyar gaɓa ta zama abin tsoro. Gari duka ya koma tsohuwar rijiya, mai ruwan zartsi, wanda in ka yi wanki da shi sabulu ba ya kumfa. Shi muke zubawa a randa. Yana ɗigowa garai-garai kamar kullum, ban ga abin da ya canza ba.

Lambar ta fara sauka a farkon bazara. Ashirin da huɗu cif, sannan ashirin da uku da rabi. Na goge faranti sau biyu a rana. Na cire ƙwan fitila, muka koma cin tuwo kafin magariba. Tsinkayen suka riƙa nutsewa da wuri, abin da nake yi Juma'a zuwa Juma'a ya koma bayan kwana uku, ni kuwa ina ta ƙara musu ruwa ina cewa zafi ne ya sa su ƙishi. Da na rasa inda zan ɗora laifin sai na ɗora wa wayoyi. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A lokacin waya ita ce komai ga mutane, kowa yana da wanda ya ɓace masa, kuma sola uku ce kawai a garin. Na hana kowa. Aka yi ta roƙo, aka turo dattawa, na ce a'a. Maƙwabciyata ce kawai ta ci gaba da zuwa, don ba ta ɗauka hanin ya shafe ta ba. Ɗanta na fari yana can inda ake faɗa, wata biyu ba ta ji muryarsa ba.

Wata safiya na tarar da lamba ashirin da biyu, akwatin yana ƙara, firji a kashe tun ban san yaushe ba. Da azahar na shigo ɗaki na ga wayarta a jone. Mata huɗu na zaune tsakar gida wurin Inna. Na fizge wayar, na fito, na kama hannunta na danƙa mata a gabansu.

"Ɗanki yana da ƙafafun gudu," na ce mata. "Uwata ba ta da komai sai allurar nan. In batir ya mutu, ke kika kashe ta."

Ta dubi wayar, ta ja mayafinta ta fita. Inna ta kira sunana sau ɗaya, irin kiran da take min ina ƙarama, na yi kamar ban ji ba. Na faɗi maganar nan, kuma da niyya na faɗa, don ta ji zafi. Wata takwas ba mu ƙara ko gaisawa ba, katanga ɗaya tsakaninmu.

Ba waya ko ɗaya a jone, lambar ta ci gaba da sauka. Firji ya koma aiki da rana kawai. Damina ta faɗi, hadari ya riƙa rufe rana kwana biyu, kwana uku. Ana kukan targaɗe sai ga karaya, yaƙin ya iso Sinja, aka rufe hanya gaba da baya. Wata Talata na taɓa babban batir na ji shi zau, cikinsa ya kumbura, ɗakin yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Kafin sati ya zagayo akwatin bango ya daina nuna komai. Na zauna gabansa na yi kuka mai sauti, abin da ban yi ba ko ranar da aka sake ni.

Na kwashe kwalaben allura na binne su cikin jiƙaƙƙen yashi a kasko, na tura ƙarƙashin randa, inda ya fi ko'ina sanyi a gidan. Wani malamin asibiti cikin 'yan gudun hijira ya ce hakan zai riƙe su na ɗan lokaci, amma ba watanni ba. Gaskiyarsa. Wata na farko babu laifi. A na biyu ina yi mata allura kamar ruwa nake tsira mata. Na ƙara yawa bisa shawararsa, ba ta canza ba. Inna ta rame, ta koma fitsari ba ƙaƙƙautawa, ƙaya ta soke ta a ɗan yatsan ƙafa, wurin ya ƙi warkewa. Sai ƙishirwa. Wanda bai ga ƙishin mai ciwon sukari ba ba zai gane ba, tana ajiye kofi tana neman wani, leɓenta duk ya tsage.

Duk da haka ba ta bar ɗura kwalbarta ba. Da ta kasa tafiya ni take aika in ɗauko mata kwanon, ta tace a zaune. Batiran sun mutu wata biyu, kwalabe sun taru a lungu har bakwai. Wata rana da hantsi, ƙishi ya matsa mata, na ɗebo ruwan ɗigo mai sanyi na kai bakinta. Ta ɗanɗana ta gane, ta kawar da kai.

"Ba ni na cikin randa. Wanga na tagwaye na."

"Inna, tagwaye sun mutu."

"In angona ya zo shi tashe su, da mi za ki ba su? Aje musu, ɗiyata."

Na yi faɗa, na ce wane irin taurin kai ne wannan, mutum yana mutuwa da ƙishi yana tara wa ƙarfe ruwa. Ta rufe ido ta bar ni da bakina. Na juye a kwalba, na ɗebo mata na cikin randa mai zartsi, ta shanye. Ta rasu bayan kwana goma sha ɗaya, dawa ta fara nuna a gonaki, ranar Lahadi kafin azahar. Maƙwabciyata ce ta yi mata wanka. Ta shigo ba sallama kamar da, ta yi abin da ya kamata, ta zauna kwana ukun makoki tana tuƙa tuwon baƙi, ba ta ce min ba, ban ce mata ba.

Ba a daɗe da yin arba'in ba hanya ta buɗe. Injiniya ya zo gaisuwa, ya tsufa a shekara ɗaya. Ya ɗaga hannu daga bakin ƙofa muka yi Fatiha, ya zauna yana kallon gadon Inna. Bayan ya sha shayi ya ce in nuna masa batiran. Ya karanta lambobin bango tun daga sama har ƙasa, ya ce bai taɓa ganin wanda ya riƙe sola haka ba. Sannan ya kwance murfi ɗaya ya haska ciki. Ya kwance na biyu, na uku. Ya tambaye ni a ina nake sayen ruwa. Na ce saye kuma? Na ja shi tsakar gida na nuna masa kwanon ƙarƙashin randa, na nuna masa kwalaben Inna a lungu. Da alfahari na nuna masa.

Ya tsoma yatsa a kwanon ya lasa. Sai ya yi min bayani da Larabci, a hankali, yana kallon ƙasa. Ruwan da yake nufi tafasa shi ake yi ya zama tururi, tururin ya huce ya ɗiga a wani mazubi, ya baro gishirinsa a baya. Randa laka kawai take tarewa. Gishiri yana bi ta jikinta ya wuce, ido ba ya ganinsa, shi ne ya taru fari fat a cikin batiran ya cinye su. Kowace Juma'a da hannuna nake zuba musu.

"Ka ce mai ɗiga," na ce. "Ɗis, ɗis, ka ce."

"Na ce, Gwaggo." Ya durƙusa a wurin, babban mutum mai 'ya'ya uku, yana share ido da hannun riga. "Ban san sunanshi da Hausa ba. Mi ake ce mishi?"

Na buɗe baki in ba shi amsa, don ban taɓa rasa amsa ba, na tarar ni ma ban sani ba. Na tambaye shi, da an ba su ruwan kirki, da sun kai yaushe. Ya ce zafi ma ya yi nasa, hadari ya yi nasa, kuma kwana na Allah ne. Na ce ban tambaye shi kwanan Inna ba, kwanan batir na tambaye shi. Ya ce da sun ƙara shekara biyu. Wata huɗu kawai nake buƙata. Na ba shi abinci, bai ci ba, na raka shi bakin titi ya hau mota.

Daga titi ban koma gida ba, na zarce gidan maƙwabciyata. Na yi sallama, abin da ban taɓa yi a ƙofarta ba. Tana zaune a rumfa tana gyaran kuɓewa. A lokacin ta riga ta samu labarin ɗanta yana raye, a bakin mutane na ji. Na zauna a ƙasa kusa da ita, na ce mata injiniya ya duba, ba wayarta ba ce, ba wayar kowa ba ce, na zalunce ta a gaban mutane, ta yafe min. Na shirya in faɗa mata sauran duka, don ina son wani ya san abin da na yi.

Ta ajiye wuƙar ta kama hannuna. Ta ce ta yafe tun ranar, Inna ce ta leƙo ta katanga da yamma ta ba ta haƙuri a madadina. Sai ta ɗan yi murmushi.

"Ke dai ba ki sani ba. Da bazara, sa'adda tagwaye sunka yi ta shan ruwa, ɗigon randarku ba ya isa. Kullum kina bisa rufi kina goge-gogenki, ni ka miƙa ma Inna nawa ta kan katanga. Randa biyu na aza don su. Ko yarana ban bari su taɓa ba." Ta matse hannuna. "Mun yi iyakar ƙoƙarinmu, 'yar'uwa. Ni da ke da ita, ba wadda ta gaza."

Na dubi randunanta biyu a gindin bango, kowacce da kwanonta a ƙasa. Na ce mata Allah ya saka da alheri. Na jawo tiren gabana, na ɗauki wuƙar, na taya ta yanka kuɓewar har muka gama.